Yadda Sitaci Ya Koma Ɗakin Binciken Polima

Ilimin polima, wato sinadaran da aka gina su kamar doguwar sarƙa, daga tsirrai ya faro. A 1838 Bafaranshe Anselme Payen ya ware selulos, sarƙar sukari da ke ba auduga da itace ƙarfi. A 1920 Bajamushe Hermann Staudinger ya ce irin waɗannan sinadarai dogayen sarƙoƙi ne na haƙiƙa. Masana da dama suka musa, sai a 1953 aka ba shi lambar Nobel. Kafin nan man fetur ya fara mamaye fagen, domin sarƙoƙinsa sun fi sauƙin sarrafawa.

A 1956, a Amurka, Michael Szwarc ya gano hanyar gina sarƙa daki-daki, ta yadda za a ɗaura zubi biyu mabambanta a jiki guda. Idan zubin biyu ba sa ga-maciji, sai su yi zaman kishiyoyi. Rabuwa ba ta yiwuwa tunda a ɗaure suke, don haka kowanne yakan tattaru da irinsa. Da kansu suke jeruwa layi-layi ko ɗigo-ɗigo, ba tare da wani ya tsara su ba. Masu ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta suka yi sha'awar wannan tsari a matsayin ma'aunin zana hanyoyin lantarki.

Matsalar ita ce girma. Zane mai ƙanƙanta yana buƙatar gajerun sarƙoƙi, amma gajerun sarƙoƙin fetur sukan cakuɗe, tsarin ya rushe. Ana buƙatar zubi biyu masu tsananin ƙin juna.

Nan ne sukarin tsirrai ya dawo. Yana son ruwa ƙwarai, abokin ɗaurinsa kuwa yana gudunsa. A 2012 masana daga Girenobul a Faransa da Jami'ar Texas suka haɗa guntun sarƙar sukari da aka samo daga sitaci da polima mai ɗauke da silikon, suka sami zane mai kimanin nanomita 5. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita.

Akasarin wannan aiki yana ɗakin bincike har yanzu, domin masana'anta ba ta yafe kuskure ko da ƙanƙani ne. Abin da ya tabbata shi ne, son ruwa da ya sa selulos da sitaci suka yi wuyar sarrafawa a da, shi ne yau ya mayar da su abin nema.