Tsibirin da Ya Bar Littattafai

A yammacin ƙasar Ailan akwai wani zirin ƙasa da ya kutsa cikin teku, ana ce masa Dingil. Baƙi kan je kallon ɗakin ibadar Galarus, tsohon gini na dutse zalla. Ni kuwa abin da ya fi jan hankalina shi ne tsibirin Balasket da ke daura da gaɓar. Masunta ne suka zauna can, ba su kai mutum 200 ba, amma da harshensu na gado suka rubuta labarin zamansu. Littafin Tomas O Kirohan ya fito a 1929. Matasa suka yi ta ƙaura zuwa Amurka, har a 1953 gwamnati ta kwashe sauran. Wanda ya shiga kwalekwale ya je yau, kango zai tarar, da tumaki.