Me ke sa aikin fasaha ya yi daraja?

Darajar aikin fasaha iri biyu ce: kuɗin da kasuwa ke yanka masa, da matsayinsa a zuciyar mai shi. Sau da yawa ba sa tafiya tare.

Allon zayyana misali ne. A makarantun allo na Ungogo da sauran ƙasar Kano, akan ƙawata shi da tawada mai launi domin ranar saukar Alƙur'ani. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma iyali kan adana shi, domin shaida ne na shekarun da ɗansu ya shafe yana karatu.

Farashi kuwa abubuwa huɗu ke ɗaga shi: wahalar aiki, ƙarancin irinsa, sunan wanda ya yi, da tarihin hannayen da ya bi. Zanen Tutu, na Ben Enwonwu, ya haɗa suna da tarihi: ya ɓace shekaru da dama, aka gano shi a wani gida a Landan, kamfanin gwanjo na Bonhams ya sayar da shi fam miliyan 1.2 a Fabrairun 2018.

A nan masu sana'ar Kano ke cutuwa. Babbar riga mai aska takwas kan ci watanni ana ɗinkin hannu, amma maɗinki ba ya sa sunansa, haka ma marinan Ƙofar Mata. Gidajen tarihin Turai na baje tsofaffin rigunan Hausa, galibi ba a san maɗinkansu ba. Inda babu suna, ribar takan tsaya a hannun dillali.