Wa Ke Riƙe Da Makullin Ƙofar Ƙasa?

Ranar 31 ga Mayun 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulkin da ya rage shekarun tsayawa takara: majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25, shugabancin ƙasa daga 40 zuwa 35. Aka yi ta guɗa, kamar an cire wa matasa ƙaya. Amma duk wanda ya waiwayi tarihin Arewacin Nijeriya ya san samari sun daɗe suna riƙe da manyan muƙamai. Abin da ke yanke wa saurayi hukunci, jiya da yau, shi ne wa ke riƙe da makullin ƙofar ƙasa, wato ƙaramar hukuma, da kuma abin da mai makullin yake nema kafin ya buɗe.

A zamanin Turawa ƙofar nan En'e ce, wato hukumar gargajiya da ke ƙarƙashin sarki. Ahmadu Bello ya bar koyarwa a Midil ta Sakkwato ya zama hakimin Raba a 1934, bai wuce shekara 25 ba. A 1938 aka naɗa shi Sardauna, aka tura shi Gusau ya kula da gundumomin gabas. Aikin hakimi a lokacin ba zaman rawani ba ne. Da damina ta kankama sai ya tashi malaman jangali su bi rugage, su ƙirga shanu, su yanka rasit, alhali makiyayi na iya kora rabin garkensa cikin dare ya tsallaka wata gunduma. Dagatai su kawo kuɗin haraji, a tara, a ɗaure a jaka, a kai baitulmali, ko sisi ya ɓace wuyan hakimi za a kama. Sardauna da kansa ya ɗanɗana: a 1943 aka tuhume shi da taɓa kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta yanke masa ɗauri, sai da ya ɗaukaka ƙara zuwa Zariya aka wanke shi. Mutumin da ya zama Firimiyan Arewa a 1954 ya riga ya san yadda kuɗin hukuma ke shiga, da inda yake zurarewa.

Nan ne masu yabon wancan zamani ke kafa hujja, kuma hujjarsu tana da nauyi. En'e makaranta ce, ta horar da mutanen da suka iya lissafi, suka iya zama da jama'a. Sai dai makaranta ce da sarki kaɗai ke ɗaukar ɗalibanta. A zaɓen 1951, wanda aka yi hawa-hawa, 'yan NEPU sun yi nasara a matakin farko a birnin Kano, amma doka ta ba En'e damar cusa nata mutanen a matakin ƙarshe, sai ga jam'iyyar ta tashi ba ko kujera ɗaya daga Kano. Labarin Maitama Sule ya fi fito da abin fili. Yana cikin samarin da suka fara tafiyar NEPU a 1950, daga baya ya koma NPC, jam'iyyar da En'e ke wa kallon tata. A 1954, yana ɗan shekara 25, ya kayar da Malam Aminu Kano ya tafi majalisar wakilai a Ikko, a 1959 kuma ya zama ministan ma'adinai da lantarki. Basirarsa da iya bakinsa babu mai ja. Amma da wannan basirar yake tun yana NEPU, ƙofar da ya bi ce ta sauya. Takwarorinsa da suka tsaya a NEPU, da yawansu 'yan doka da kotun alƙali da gidan yari suka sani.

Sojoji ne suka karɓe makullin daga fada. A zamanin Gowon aka raba En'e da 'yan dokanta da kotunanta da gidajen yarinta. Sannan gyaran 1976 ya kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk ƙasa, kimanin 300, aka yi zaɓen kansiloli ba tare da jam'iyya ba a ƙarshen shekarar, matan Arewa kuma suka jefa ƙuri'a a karon farko. Kada a zuzuta abin: a wasu jihohi zaɓen ba kai tsaye aka yi ba, kuma tsofaffin ma'aikatan En'e da yawa sun dawo da sabuwar riga. Duk da haka ƙofa ta ɗan buɗe, domin waɗannan majalisun ne suka zaɓi wakilan majalisar tsara tsarin mulki a 1977. Cikin waɗanda suka tafi akwai Muhammadu Abubakar Rimi, daga ƙasar Sumaila. Shekara biyu bayan haka ya zama gwamnan Kano a PRP yana da shekara 39, kuma cikin abubuwan da ya fara yi, shi da Balarabe Musa a Kaduna, har da soke haraji da jangali, kuɗin da En'e ta rayu a kansu.

Abin takaicin shi ne waɗanda suka hau tsanin su ne suka janye shi. Daga 1979 zuwa 1983 gwamnoni, na NPN da na masu ra'ayin sauyi baki ɗaya, sun rushe zaɓaɓɓun majalisu suka naɗa kwamitocin riƙo, suka yi ta kakkafa sababbin ƙananan hukumomi don sakayyar siyasa. Makulli ya bar hannun sarki, ya ɗan leƙa hannun talaka, ya zarce aljihun gwamna. Tsarin mulkin 1999 ya ƙara ɗaure abin tamau. Sashe na 7 ya ce a yi mulkin ƙaramar hukuma da zaɓaɓɓu, amma sashe na 162 ya bi da kuɗinta ta asusun haɗin gwiwa da jiha, hukumar da ke shirya zaɓen kuma gwamna ne ke naɗa ta.

Dubi yadda wannan ke sauka a kan saurayin da ya zama kansila. Tun asuba ƙofar gidansa ta cika: wannan da takardar magani, wancan matarsa ta haihu suna jibi, ga dattawan unguwa sun zo kan burtsatsen da ya yi wata uku ba ya ba da ruwa. Ya tafi sakatariya, ciyaman ya ce kason wata ya ƙare a albashi, sauran sai an ji daga sama. Saurayin nan ba wawa ba ne. Cikin shekara guda zai gane cewa gyaran burtsatse ba zai kai shi majalisar jiha ba, sintiri a gidan ubangida ne zai kai shi, tunda ɗauki-ɗora ne ya kawo shi tun farko. Hakimin Raba aƙalla ya koyi riƙon baitulmali. Wannan kuwa abin da ake koya masa shi ne jira a falo.

Za a ce kuɗi ne matsalar, ba makulli ba: fom da tsada, wakilan zaɓen fidda gwani sai an sallame su. Gaskiya ne, amma tsadar ita ce ke tura yaron talaka hannun mai gida, don haka magana ɗaya ce aka juya. Za a kuma ce dokar 2018 ta yi rana, tunda a 2019 an ga 'yan shekara talatin da 'yan kai sun zama kakakin majalisa a Oyo da Filato. An gani. Maitama Sule ma ya zama minista a kusan waɗannan shekarun, shekara sittin kafin su, ba tare da wata dokar matasa ba.

Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 ya fi kusa da jijiyar. Ya ce a tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ya kuma haramta mulkin kantomomi. Sai dai ya taɓa asusu ne, bai taɓa akwatin zaɓe ba. A Janairun 2021, lokacin da APC ke mulkin Kano, ita ta lashe kujerun ciyaman 44 da na kansila 484. A Oktoban 2024, wata uku bayan hukuncin, NNPP ke gidan gwamnati, aka sake zaɓe: ita ma ta lashe 44 da 484, ko mazaɓa ɗaya ba ta kuɓuce ba.