"Break in" da "break into": ma'anarsu, yadda ake amfani da su, da matsayinsu a dokar Kamaru

Ɗan kasuwar da ɓarayi suka fasa wa shago a Garwa, idan ya je wurin 'yan sanda, da Faransanci za a rubuta bayaninsa, a ce an shiga "par effraction". Amma idan a Yola abin ya same shi, ko a Bamenda, da Ingilishi za a rubuta, kuma kalmar da zai gani a takarda ita ce "break in" ko "break into". Haka ɗalibin da ke shirin jarrabawar BEPC ko Baccalauréat yakan ci karo da ita a darasin Ingilishi, mai karanta shafukan Ingilishi na jaridar Cameroon Tribune ma yakan gan ta a labaran sata. Ga bayaninta.

Asalin ma'ana

"Break" shi kaɗai yana nufin karya ko fasa. Idan aka haɗa shi da "in" ko "into", ma'anar ta koma shiga wuri da ƙarfi ba da izini ba: a ɓalle kwaɗo, a karya ƙofa, a fasa taga ko a huda rufi. Da Hausa mukan ce an fasa gida, an fasa shago, ko an kutsa kai. Da Faransanci kuwa "entrer par effraction".

Kalmar tana faɗin yadda mutum ya shiga ne, ba ta faɗin abin da ya ɗauka. Ana iya fasa gida a fita ba a taɓa ko allura ba, ana kuma iya yin sata ba a fasa komai ba, kamar yaron shagon da ya zari kuɗi a aljihun tebur. Shi wannan yaron "steal" ya yi. Fashi da makami kuma sunansa daban, "armed robbery". Kamannin da ke tsakanin "fasa" da "fashi" a Hausa yakan sa masu fassara su cakuɗa su.

Bambancin "in" da "into"

Ana amfani da "break in" idan ba a ambaci wurin da aka shiga ba:
The thieves broke in at night. Ɓarayin sun fasa sun shiga da dare.

Ana amfani da "break into" idan an ambaci wurin:
They broke into a shop at Yelwa. Sun fasa wani shago a Yelwa.

Aikatau ɗin yana sauya sura: "break" ga abin da ake yi yanzu ko kullum, "broke" ga abin da ya wuce, "broken" bayan "have" ko "was". Ba a cewa "breaked".

Idan ba a san wanda ya aikata ba, kamar yadda Bahaushe kan ce "an fasa mini shago", sai a ce: My shop was broken into. Dole "into" ta tsaya a ƙarshe. Wanda ya ce "my shop was broken" ya nuna cewa ginin shagon ne ya lalace. Haka kuma "they broke the door" karya ƙofa kawai yake nufi, bai nuna an shiga ba.

Akwai kuma suna, "a break-in", mai ɗan layi a tsakiya, wanda yake kusa da "cambriolage" na Faransanci. Wanda ya fi shahara a tarihi shi ne na Watergate: ranar 17 ga Yuni 1972 aka kama mutum biyar da suka kutsa ofishin jam'iyyar Democrat a birnin Washington, binciken da ya biyo baya kuma ya kai ga murabus ɗin shugaban Amurka Richard Nixon a watan Agusta 1974.

Abin da doka ta ce

Kundin tsarin mulkin Kamaru na 1996 ya ba Faransanci da Ingilishi daraja ɗaya, don haka dokokin ƙasa suna fitowa da harsunan biyu. A kundin hukunta laifuka na 2016, sashe na 318 ya tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 ga wanda ya yi sata, tare da tarar sefa 100,000 zuwa 1,000,000. Sashe na 320 kuma ya ninka hukuncin idan an yi satar da ƙarfi, ko da makami, ko da mota, ko ta hanyar fasawa, haura katanga ko amfani da makullin jabu. Inda kwafin Faransanci ya ce "effraction", na Ingilishi "breaking in" ya ce.

Ke nan yadda aka shiga yana iya mayar da ɗaurin shekara 10 ya zama 20. Shi ya sa mai ba da shaida ko mai yi masa tafinta ya kamata ya faɗi abin da ya gani daidai: an ɓalle kwaɗo ne, an haura ne, ko ƙofar a buɗe take? Shiga gidan mutum ba da yardarsa ba, ko da ba a saci komai ba, laifi ne mai zaman kansa, wanda ake kira "violation de domicile".

A jihohin arewacin Najeriya, ciki har da Adamawa da ke maƙwabtaka da mu, kalmar da takardun kotu suka fi amfani da ita ita ce "house-breaking", jaridu kuma sukan ce "burglary".

Sauran ma'anoni

Katse magana. She broke in while the chief was speaking: ta tsoma baki alhali sarki yana magana.

Fara abu farat ɗaya. A nan Hausa da Ingilishi sun yi kama, don mu ma mukan ce "ya fashe da dariya". He broke into laughter. Idan aka ce "he broke into a run" kuwa, ya zura da gudu ke nan.

Horar da doki. Dokin da ake hawa gaban fadar Lamiɗo ranar salla sai da aka hore shi ya saba da linzami da sirdi. Wannan horon shi ma "break in" ne: They broke the horse in. Haka ake cewa ga sabon takalmi da ake sawa har ya daina cizo. A wannan ma'anar ce ake iya raba kalmomin biyu a sa suna a tsakaninsu.

Samun shiga sana'a ko kasuwa mai wuyar shiga. He wants to break into the onion trade: yana son ya samu gindin zama a kasuwancin albasa. Babu laifi a cikin wannan.

Kutse a kwamfuta ko waya. Someone broke into my account: wani ya yi mini kutse a asusu. Da Faransanci "pirater".

Kada a rikita su

"Break out" fita ne ko ɓarkewa: fursunoni sun tsere daga kurkuku, gobara ta tashi, kwalara ta ɓarke. "Break down" lalacewa ne, kamar motar da ta mutu a hanyar Garwa zuwa Ngaundere, wato "tomber en panne". Amma "break down the door" ɓalle ƙofa ne gaba ɗaya. "Break up" kuwa rabuwa ne ko tarwatsa taro.

Hanya mafi sauƙi ta gane ma'anar ita ce a duba kalmar da ta biyo baya. Idan gida ne, shago, mota ko asusu, to kutse ake nufi. Idan dariya ce ko gudu, farawa ake nufi. Idan doki ne ko takalmi, sabawa ake nufi.