Injinan aikin hannu a Wudil

Injinan aikin hannu su ne kayan aikin da mai sana'a ke riƙewa a hannu ko ya girke a kan tebur, waɗanda wutar lantarki, batir, fetur ko iskar da aka matse ke juya su maimakon ƙarfin damtse. Daga cikinsu akwai injin huda, injin yanka da goge ƙarfe, zarton lantarki, injin feren katako da injin sare bishiya. A Wudil, hedikwatar ƙaramar hukumar Wudil ta jihar Kano, ana ganin su a hannun masu walda, kafintoci, makanikai, masu faci, masu aikin alminiyam da masu sa tayil. Haɗarin da ke tattare da su ya danganta ƙwarai da halin da aka bar injin a ciki, da abin da aka cire masa ko aka ɗaura masa, da irin wutar da aka jona shi da ita. Saboda haka kula da injin da kare lafiyar mai riƙe da shi magana ɗaya ce.

Tarihi

A shekarar 1889 Arthur James Arnot da William Blanch Brain suka yi rajistar injin huda na lantarki a birnin Melbourne na Ostareliya, amma babba ne, na aikin haƙar ma'adinai. Kamfanin Fein na Jamus ya ƙera wanda ake ɗauka a hannu a 1895. A 1917 kamfanin Black & Decker na Amurka ya yi rajistar siffar da aka sani a yau, mai mariƙi irin na ƙaramar bindiga da makunni a ƙarƙashin yatsa, kuma shi ya fitar da na batir a 1961. Andreas Stihl ya ƙera injin sare bishiya na lantarki a 1926, na fetur kuma a 1929. Injin yanka ƙarfe mai tsananin gudu ya fito a 1954 daga kamfanin Jamus mai tambarin Flex.

Kafin zuwan waɗannan, maƙera da masassaƙan ƙasar Hausa da guduma, gizago, zarto da magagari suke aiki. Bambancin a fili yake: gizago na tsayawa da zarar hannu ya tsaya, injin kuwa yana ci gaba da juyawa ko ya kuɓuce wa mai shi.

Wudil da masu sana'arta

Wudil tana kimanin kilomita 40 kudu maso gabas da birnin Kano, a bakin kogin Wudil, kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri. Ƙidayar 2006 ta nuna mutum 185,189 a ƙaramar hukumar. Garin ya shahara da kasuwar shanu da ke ci ranar Juma'a, sannan akwai Makarantar Horar da 'Yan Sanda ta Ƙasa, da jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar Kano da ta fara aiki a 2001, wadda aka sauya wa suna zuwa Jami'ar Aliko Dangote a 2022. Gine-ginen ɗakunan ɗalibai da shaguna na buƙatar ƙofofi, tagogi da gadaje, manyan motocin da ke bin hanyar kuma na buƙatar faci da walda. Wannan ne ke ciyar da shagunan bakin titi.

Akwai Kwalejin Fasaha ta Gwamnati a garin, amma mafi yawan masu sana'a a shago suke koyo, a ƙarƙashin maigida. Yaro kan fara da shara da miƙo kaya, kafin wata rana a miƙa masa injin. Abin da ya ga maigidansa na yi, mai kyau ko marar kyau, shi zai ɗauka. Injinan da kayan gyaransu galibi daga kasuwannin Kano ake sayo su, irin su Sabon Gari da Ƙofar Ruwa, sababbi da na hannu.

Wutar lantarki

Kamfanin KEDCO ke rarraba wuta a jihohin Kano, Jigawa da Katsina tun 2013. Ƙarfin wutar gida a Najeriya bolt 230 ne, na Amurka kuwa 120, don haka injin na hannu da aka shigo da shi daga can yana ƙonewa idan an jona shi kai tsaye. Ana duba wannan a ɗan allon da ke manne a jikinsa kafin a biya kuɗi.

Idan wuta ta yi ƙasa, injin kan rage gudu, mai aiki ya ƙara danna shi, fankar da ke cikinsa ta kasa sanyaya shi, har naɗin wayarsa ya ƙone. Waya mai tsawo kuma siririya tana jawo irin wannan matsalar. Ɗaukewar wuta tana da nata haɗarin da ba a cika lura da shi ba. Injinan yanka da yawa suna da makunnin da ke maƙalewa a kunne. Idan aka ɗauke wuta ana cikin aiki, mutum ya ajiye injin a ƙasa bai kashe ba, to duk lokacin da aka dawo da ita injin zai tashi da kansa ya yi tsalle, wataƙila kusa da ƙafar yaron shago. Ƙa'idar ita ce a kashe makunni a zare filogi da zarar wuta ta tafi, haka kuma kafin canza faifai, haƙori ko bakin huda.

Cusa tsirarun wayoyi a soket a tokare su da tsinken ashana yana kawar da wayar ƙasa wadda ke kare mutum idan wuta ta zubo a jikin injin mai gangar ƙarfe. Injinan da ke da rufi biyu, waɗanda ake gane su da alamar ƙaramin murabba'i a cikin babba, ba sa buƙatar wayar ƙasa, amma kariyarsu na ƙarewa idan gangar roba ta tsage ko ruwa ya shiga. Na'urar da ke yanke wuta da kanta idan yoyon ya kai miliamfa 30 tana da amfani sosai da damina, lokacin da ake aiki a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Injin na jan wuta ninki da yawa a daidai lokacin tashi, don haka janaretan da ya yi daidai da lambar da ke jikin injin kan gaza. Hayaƙin janareta na ɗauke da iskar guba marar wari da ke kisa a rufaffen ɗaki, kuma ba a zuba masa fetur yana kunne ko yana da zafi.

Injin yanka ƙarfe

Wannan ne injin da ya fi yawa a shagunan walda, kuma shi ya fi cancantar a yi masa dogon bayani. Ƙarami, mai faifan milimita 115, yana juyawa kusan sau 11,000 a minti ɗaya. Babba, mai faifan milimita 230, kusan sau 6,500. An ƙera faifan ne don gefensa kada ya wuce gudun mita 80 a daƙiƙa, wato kilomita 288 a awa, kuma da kusan wannan gudun ɓaraguzansa ke fita idan ya tarwatse. Kowane faifai an rubuta masa iyakar juyin da zai iya ɗauka. Idan aka ɗaura babban faifai a kan ƙaramin injin, an wuce wannan iyaka da nisa, kuma ba ya ma shiga sai an cire murfin kariya. Kuskure biyu ke nan a lokaci guda, kuma dalilinsu ɗaya ne: son yanka ƙarfe mai kauri ba tare da sayen babban injin ba.

Faifan yanka siriri ne, ba a goge ƙarfe da gefensa. Na gogewa ya fi kauri, ana kwantar da shi kaɗan a kan aikin. Ƙaron da ke haɗa faifan yana lalacewa da daɗewa da kuma laima, shi ya sa masu ƙira ke buga ranar ƙarewar amfaninsa a zoben ƙarfen tsakiya, yawanci shekara 3 daga ƙira. Faifan da ya faɗi ƙasa ko ya tsage a gefe ba a sake amfani da shi. Bayan an ɗaura sabo, ana barin injin ya yi gudu na ɗan lokaci ba tare da ya taɓa komai ba, an kawar da shi daga fuskar mutane.

Ɗaura haƙorin zarton katako a kan wannan injin na daga cikin mafi munin dabarun da ake yi. Haƙorin na cafkar katako, injin ya yi baya da ƙarfi zuwa hannu, ƙirji ko fuska, cikin lokacin da bai isa mutum ya saki ba. Ko da faifan da ya dace, hakan na faruwa idan ƙarfen da ake yankawa ya matse faifan, don haka ake ɗaure aikin da kyau a riƙe injin da hannu biyu.

Tartsatsin yana tafiya mita da dama. Ba a yanka kusa da jarkokin 'yan bumburutu ko tarin dusar katako. Duron da aka taɓa zuba fetur ko makamancinsa yana fashewa idan an yanka shi, ko da ya daɗe babu komai a ciki, domin tururin man ne ke kamawa.

Tufafi da kayan kariya

Babbar riga, hannun kaftani da jelar rawani duk abin da ke juyawa na iya naɗe su, kamar yadda bel ɗin injin markaɗe ke kama hijabi. Ana aiki da riga mai ɗame jiki da takalmi rufaffe, ba silifas ba. Safar hannu na da amfani wajen ɗaukar kwano mai kaifi, amma tana zama haɗari a injin huda na tebur, inda bakin ke iya kama ta ya ja yatsu.

Tabarau na rana da masu walda da yawa ke sawa ba ya maye gurbin gilashin walda, kuma ba ya tare ɓarɓashin ƙarfe. Ƙunar da hasken walda ke yi wa ido ba ta bayyana sai bayan awanni, sau da yawa cikin dare, mutum ya ji kamar an zuba masa yashi.

Wasu illolin sai bayan shekaru suke fitowa. Ma'aunin da masana ke bi shi ne ƙara mai desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Injin yanka na kaiwa kusan 100, wanda a wannan lissafin minti 15 ne kawai a rana ba tare da abin toshe kunne ba. Ƙurar yanka tayil, kankare da dutse na taruwa a huhu ta haddasa cutar da ba ta warkewa, kuma ƙyalle a hanci ba ya tare ta. Yanka da ruwa ko takunkumi mai matata ne maganinta. Hukumar binciken cutar daji ta duniya ta saka ƙurar katako cikin abubuwan da ke jawo cutar tun 1995.

Kula da injin

Ƙura ce babbar abokiyar gabar injin a wannan yanki, musamman da hunturu. Tana toshe kafofin shan iska, garin ƙarfe kuma na iya haɗa wuta a ciki. Hure shi da iskar mai faci bayan aiki ya wadatar. A cikin injin akwai 'yan sandunan gawayi guda biyu da ake kira kabon, masu kai wuta ga ɓangaren da ke juyawa. Suna cinyewa da aiki. Alamar ƙarewarsu ita ce tartsatsi mai yawa ta kafofin iska da yankewar gudu. Ana canza su biyun tare. Kuɗinsu kaɗan ne, amma idan aka bar su sukan ci abin da ke ƙarƙashinsu, gyara ya koma na sake naɗin waya. Kan injin na buƙatar giris lokaci-lokaci, kuma sabon gurnani ko rawa alama ce ta boris da ya mutu.

Dakusasshen haƙori yana sa a ƙara danna injin, shi kuma ya ƙara zafi da yin baya. Ba a ɗaukar injin ta wayarsa, kuma wayar da ta yanke canza ta ake yi, ba a naɗe ta da leda. Batir ba ya son zafi. A watan Afrilu zafin yankin Kano na wuce maki 40, don haka ba a barin sa a rana ko a rufaffiyar mota, kuma wanda ya kumbura an daina amfani da shi ke nan. Injin sare bishiya da gaurayen fetur da man inji yake aiki. Kamfanin Stihl ya ƙayyade kashi 50 na fetur ga kashi 1 na mansa.

Taimakon gaggawa

Wanda wuta ta kama ba a taɓa shi sai an kashe ta, ko a ture wayar da busasshiyar sanda. Rauni mai zubar jini ana danne shi da tsabtataccen ƙyalle. Zuba fetur, man birki ko ƙasa a kan rauni, kamar yadda ake yi a wasu gareji, ɓata naman yake yi, kuma raunin ƙarfe na buƙatar allurar rigakafin sandarewar jiki. Ɓarɓashin da ya kafe a ido ba a ciro shi da tsinke ko maganaɗisu; rufe idon ake yi a tafi asibiti. Yatsan da ya guntule ana naɗe shi a ɗanyen ƙyalle mai tsabta, a sa a leda a ɗaure, sannan a sa ledar cikin ruwan ƙanƙara, kada naman ya taɓa ƙanƙarar. Babban Asibitin Wudil ne mafi kusa, manyan raunuka kuma akan tura su Kano, zuwa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959.

Doka

Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta killace ɓangarorin injin masu haɗari da samar wa ma'aikata kayan kariya, kuma Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ke da alhakin dubawa. Hukumar SON, wadda aka kafa a 1971, ita ke kula da ingancin kayan da ake shigowa da su. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi ga asusun NSITF, wanda daga cikinsa ake biyan wanda ya ji rauni a bakin aiki. Ƙananan shagunan bakin titi galibi ba sa cikin wannan tsari, don haka idan yaron shago ya ji ciwo, kuɗin magani kan faɗo ne a kan maigidansa da iyayensa.