Wane ne magaji? Barnawa da dokoki uku kan gida ɗaya

Tun da Kaduna ta zama hedkwatar Arewa a 1917, ta cika da baƙi: ma'aikatan jirgin ƙasa, sojoji, sannan ma'aikatan masaƙun Kakuri bayan 1957. Baƙo yakan bar mata a garinsu, ya sake aure a birni. Ranar da ya rasu, sai tambaya ta taso: su wa ke da gado?

A Barnawa tambayar ta fi tsauri. Rikice-rikicen 2000 da 2002 sun raba mazaunan Kaduna, Musulmi suka karkata arewacin kogi, Kiristoci kudancinsa, amma Barnawa ta ci gaba da zama haɗaka. A layi ɗaya akwai gidajen da dokoki daban-daban ke mulkin gadonsu.

Wannan tsari ya samo asali daga zamanin Turawa, waɗanda suka bar kotunan alƙalai da na gargajiya, suka kafa tasu a gefe. A 2001 gwamnatin Ahmed Maƙarfi ta maye gurbin kotunan yanki da kotunan Shari'a da na gargajiya. Babbar Kotu kuwa ita ke ba da takardar izinin kula da dukiyar mamaci.

Kowace doka da ma'auninta. A mazhabar Malikiyya, nasaba da ingantaccen aure ke sa gado, bambancin addini yana hana shi, wasiyya kuma ba ta wuce sulusi. Sai dai a shari'ar Adesubokan da Yunusa, a 1971, Kotun Ƙoli ta amince wa Musulmi ya raba dukiyarsa da wasiyya bisa dokar Ingila ta 1837. Daga baya Jihar Kaduna ta yi dokar wasiyyarta, ta cire wanda ya rasu a ƙarƙashin Shari'a. A 2014 kuma, a shari'ar Ukeje, Kotun Ƙoli ta soke al'adar Ibo mai hana 'ya mace gadon mahaifinta.

Saboda haka kotu takan fara da tantance dokar da mamaci ya rayu a ƙarƙashinta, kafin ta ƙidaya magada. Sunan da ya rubuta a takardar banki a matsayin makusancinsa ba ya mai da kowa magaji. Shaidun ɗaurin aure da takardun haihuwa su ke yin wannan aiki, kuma matar da ba ta da su tana iya rasa ɗakin da ta shekara talatin a ciki.