Rumfuna da yawa, igiya ɗaya: yadda aikin haɗin gwiwa ya zo bodar Jibiya

Duk wanda ya yi aikin ejan a Magamar Jibiya, inda hanyar Katsina ke tsallakawa Ɗan Isa ta nufi Maraɗi, ya san mota ba ta wucewa da sa hannun mutum ɗaya. A da kwastan ne da jami'an shige da fice da 'yan sanda, kowa da rumfarsa da littafinsa. Da aka kafa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA a 1989 sai rumfa ta ƙaru. Takarda ɗaya muke zagayawa da ita tebur-tebur, don kowace hukuma ga shugabanninta take kai rahoto, ba ga maƙwabciyarta ba. A sama kuwa akwai hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar tun 1971, amma ofishinta na Yamai, nesa da ƙurar Magama.

Ranar 20 ga Agustan 2019 ne muka ga aikin tare na gaske. Gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, aka haɗa kwastan da sojoji da 'yan sanda da jami'an shige da fice ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Umarni daga wuri ɗaya, sintiri a tare. Gaskiya abin ya yi ƙarfi, domin wanda a da zai lallaɓa mutum ɗaya, sai ga idanu huɗu a kansa. Shinkafar waje ta yi wuya. A Nuwamba aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, garin Jibiya ya ji a jikinsa. Bodojin Illela da Maigatari an buɗe su a Disambar 2020, mu sai Afrilun 2022. Juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya sake jawo igiya har Maris na 2024.

Abin lura shi ne, rufewa ce ta koya wa hukumomin zama a inuwa ɗaya. Wajen sallamar kayan halal, tsohuwar tafiyar hawainiyar ba ta gushe ba. Ejan da direban tirela da ɗan dako, waɗanda suka san kowace ɓarauniyar hanya, ba safai ake jin ta bakinsu ba.

Layin dogon Kano zuwa Maraɗi ta Jibiya zai bi. Kafin jirgin ya iso, a zaunar da hukumomin nan teburi ɗaya, a duba kaya sau ɗaya, a kuma ba masu fitar da kaya kujera.